Tafkin da Baba Ya Tanadar wa Ƙaguwa

Mu mutanen Jos muna da wani ciwo da ba ya jin magani, wato alfahari da sanyi. Ba mu muka yi shi ba, ba mu san inda ake ƙera shi ba, amma in baƙo ya sauka daga Kano ko Legas ya fara karkarwa, sai ka ga muna murmushi kamar mu muka kunna. Baba ya fi kowa wannan ciwon. A wurinsa duk abin da ya tsiro a ƙasar Turawa zai tsiro a Jos. Ga dankalin Turawa, ga kabeji, ga tuffa, ga sitiroberi ana tallarsa a bakin titi. Ya taɓa dasa inabi a bayan gidanmu na Nasarawa Gwom, ya yi 'ya'ya masu tsamin da ko akuya ba ta so, amma Baba ya ce ai dai ya yi.

Aikin kuza ya yi tun yana saurayi har kamfanin ya naɗe tabarmarsa. Shi ne mai kula da injin da ke zuƙe ruwa daga ramin da ake haƙa. Da aka daina haƙar aka kashe injuna, ruwa ya cike ramukan, suka zama tafkunan nan masu zurfi da ke warwatse a bayan unguwar Rayfield, waɗanda muke kira dam. Iyaye suna hana yara zuwa bakinsu, don daga gaɓa sai zurfi, ba wurin tsayawa. Baba ya samu ɗan fili a gefen ɗaya daga cikinsu, yana noman kabeji da karas da rani. Tafkin ba nasa ba ne, amma tafkina yake ce masa, kuma ba wanda ya taɓa yi masa musu.

Tun zamanin kamfani suke da wata dabara. Ba firji a bakin rami, don haka in ogansu yana son giyarsa da sanyi, sai a ɗaura kwalabe a igiya, a haɗa da dutse, a saukar can ƙasan wani tsohon ramin da ruwa ya riga ya cika. Da tsakar rana a jawo, kwalba ta fito tana raɓa. Baba ya bar giya tun kafin a haife ni, amma bai bar dabarar ba. Kullum yana da kwalba ɗaya ta ruwan sha a ƙasan tafkinsa. In ya gaji da ban ruwa sai ya jawo ta, ya fara manna ta a kumatu, ya lumshe ido, sannan ya buɗe ya sha.

Ni ce babba a gidan, ni ce kuma aka sa wa sunan mahaifiyarsa, don haka Uwata yake kirana. Tsakanina da autanmu akwai mata uku, duk sun yi aure sun bar gari. Autan shi kaɗai ne namiji. Ya tafi Amurka karatu, karatun bai ƙaru ba, sai muka ji ya gangara can Alaska, yana aiki a wata masana'anta ta bakin teku. Takardunsa na zama suna hannun hukuma ana dubawa, shekara na bin shekara, kuma an gaya masa in ya fita ƙasar kafin a gama, ƙofar ta rufe ke nan. Mama ta rasu yana can. A waya ya kalli jana'izarta, ni ce na riƙe wayar a bakin kabari. Tun daga ranar Baba ba shi da wani buri a duniya sai ɗaya, ya ga autansa ido da ido kafin shi ma a rufe shi.

Ranar Lahadi da la'asar muke kiransa, lokacin shi yana tashi daga barci. Wata Lahadi ya ce zai nuna wa Baba abin da suke aiki a kansa. Ya juya wayar, ya ɗago wata halitta da hannu biyu. Jikinta bai fi tafin hannun babban mutum ba, amma ƙafafun dogaye, sirara, in an miƙe su sun fi faranti faɗi nesa ba kusa ba. Baba ya gyara tabarau, ya matso har hancinsa yana taɓa gilashin wayar.

"Wannan ai ƙaguwa ce."

"Ita ce, Baba. Ƙaguwar ƙanƙara suke ce mata."

"Me take ci ta yi wannan ƙafa?"

Autan ya yi dariya, ya shiga bayani. Ya ce a can ƙasan teku take zama, cikin laka, inda ruwan ya kusa daskarewa. Da hunturu ƙanƙara takan rufe saman tekun, in ta narke sai ta bar wani ruwa mai tsananin sanyi kwance a ƙasa, a cikinsa ƙananan suke ɓuya har su girma, don manyan kifayen da ke cinsu ba sa son shiga wannan sanyin. Ya ce masu jirgi suna saukar da kejin ƙarfe, kowanne kusan girman ɗan shagon mai shayi, da guntun kifi a ciki, su bar shi ya kwana a ƙasa sannan su jawo. Maza manya kawai ake ɗauka, mata da ƙanana a mayar da su ruwa. Shi aikinsa a tudu yake. In jirgi ya sauke, su tsaya a layi sanye da rigar roba, su raba ƙafafu da jiki, a dafa, a daskarar, a zuba a kwali.

Ni abin da na ji a duk bayanin shi ne yaron yana tsayuwa yini guda cikin ruwan sanyi, na kuma ga yadda fatar yatsunsa ta tsage. Baba kuwa abu biyu ya ji, sanyi da zurfi, sai kuma igiyar da ake saukarwa a jawo. Na ga fuskarsa ta sauya, na san fuskar, ita ce ta ranar da ya shigo da dashen inabi.

A hanyarmu ta dawowa daga coci Lahadin da ta biyo baya ya ce, "Uwata, in abin nan sanyi da zurfi yake so, me zai hana shi zama a tafkina?"

Na ce, "Baba, don Allah."

"A'a, ki saurara. Yaron nan ya iya aikin. Ya zo da iri, mace da namiji, mu zuba. Otal-otal ɗin Rayfield kaɗai sun ishe shi kasuwa. Ya zauna a gida, ya yi aure, ya bar wa mutane ƙasarsu."

Na ɗauka zancen zai bi iska.

Muna da maƙwabci ɗan ƙabilar Ibo, an haife shi a Jos, yana da shagon kifin ƙanƙara a bakin layinmu. Mutumin kirki ne, amma ba ya tauna magana. Baba ya kai masa shawarar yana tsammanin yabo. Mai kifi ya saurara yana goge hannu a tawul, sannan ya ce, "Papa, wannan abu ba na ruwan dam ba ne fa. Na ruwan gishiri ne. Ko kifi ɗin nan da ni ke sayarwa, in da rai ka sa shi a dam, zai mutu nan take."

Baba ya ce, "Gishiri? Gishirin da ake sayarwa buhu-buhu a kasuwar Taminus?"

Mai kifi ya dube ni, na dubi ƙasa.

A bayan gidanmu akwai wani tsohon bahon wanka na ƙarfe, irin na gidajen Turawa, wanda Baba ya saya lokacin da kamfani ke gwanjon kayansa. Mama tana jiƙa wanki a ciki. Baba ya wanke shi tas, ya toshe ramin, ya aika ƙauyenmu a kamo masa ƙaguwa, irin tamu ta rafi, ƙanana masu launin ƙasa. Yana yaro, in ji shi, kafin rana ta ɗaga sukan cika kwando da ita, su ɗaga dutse su damƙe, a kawo gida a yi romo a zuba a gwate, faten nan namu. Ya ɗauka aiken yini ɗaya ne. Sai da aka yi makonni sannan wani ɗan'uwansa, tsoho irinsa, ya iso da ɗan bokiti an rufe da ɗanyar ciyawa. Abin da ke ciki bai cika tafin hannu biyu ba. Ya ce rafin nan da Baba ya sani yanzu iyakarsa idon sawu, masu dankali sun sa injin a sama, masu haƙar kuza ta hannu suna wanke ƙasa a ƙasa, ruwan ya zama ja kuma ɗumi. Ya ce sai da ya hau har gindin dutse inda ruwan ke ɓuɓɓugowa kafin ya samu waɗannan.

Ina ofis aka yi aika-aikar. Baba ya cika baho, ya juye gishiri mudu-mudu, ya sayo dunƙulen ƙanƙara a wurin mai kifi ya jefa, ya zuba bayin Allah a ciki. Wai gwaji yake yi, ya ga ko ƙaguwa za ta iya zama a ruwan da ya haɗa da hannunsa. Da na dawo na tarar da shi zaune a kujera 'yar tsugunne yana kallon bahon. Wasu suna ta kokawar hawa gefe suna zamewa, wasu sun riga sun kife. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce tsoho ya hau dutse da ciwon gwiwa ya kamo, ko romo ba a yi da su ba, an zo an kashe su a banza. Na faɗi wasu maganganun ma da suka fi haka zafi, don bakina ba shi da linzami in raina ya ɓaci. Kafin gari ya waye duk sun mutu. Baba ya kwashe su ya binne a gindin inabinsa, ya wanke hannu, ya ce, "Namu ba su saba ba ne. Nasa sun saba."

Bayan wannan ne autan ya kira ni wata ranar aiki, ba Lahadi ba. Na fita baranda na ɗauka.

"Yaya, an rufe kamun ƙaguwa bana."

Na ce wa ya rufe, kuma don me. Ya ce hukuma. Kowace shekara akwai jiragen da ke fita su auna yawan abin da ke ƙasa kafin a ba da izini. Sun fita, sun ja raga a wuraren da a da take fitowa a cike, suka tarar wayam. Ba gawa ba ce ta cika wurin, babu ce kawai. Ya ce an yi shekarun da ƙanƙara ba ta rufe tekun yadda ta saba ba, ruwan sanyin nan na ƙasa ya janye, ya tsuke. Ɗumin bai kai ya dafa su ba, in mutum ya sa hannu har yanzu sai yatsunsa sun ƙage. Amma ita ƙaguwar, da ruwa ya ɗan sassauta sai jikinta ya riƙa neman abinci fiye da da, ga su da yawa sun cunkushe a ɗan wurin da ya rage, abincin bai isa ba. Yunwa ce ta kashe yawancinsu. Manyan kifayen da sanyi ke tarewa su ma suka samu hanya suka shigo.

Na tsaya ina kallon motocin da ke wucewa a ƙasa. Teku guda, a can ƙarshen duniya, ya ɗan yi ɗumin da hannu ba zai ma gane ba, ga shi ya zo ya same ni a barandar ofis a Jos. Ban san wa zan yi wa faɗa ba, kuma ni in ban samu wanda zan yi wa faɗa ba sai in rasa yadda zan yi da kaina.

Ya ce masana'antar ta sallami mutane, garin ya fara watsewa, shagon da suke sayen burodi ma ya rufe. Shi zai koma wata tashar jirgi ya kama aikin kifi, ya jira ya ga ko ƙaguwar za ta dawo. Na ce to tunda aikin ya mutu, ba sai ya taho gida ba.

"Yaya, in na fito yanzu ba zan iya komawa ba. Duk shekarun nan sun tafi a banza ke nan, har da rashin zuwana jana'izar Mama. In zo in yi me? Amma kada ki faɗa wa Baba ba zan zo ba. Ki bari ni zan faɗa masa da bakina."

Ranar Lahadi muna bakin tafki ya kira. Ya fara daga farko, ya ba Baba labarin ƙanƙarar da ba ta zo ba, da ruwan da ya yi ɗumi, da ƙaguwar da ta ƙare. Ina jira ya kai ga ɗaya maganar. Bai kai ba, don Baba ya tashi tsaye, fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

"Ruwansu ya yi zafi? To mun gode Allah. Ka kwaso ragowar ka taho da su. Nan akwai sanyi."

Ya miƙa mini wayar, ya jawo igiyarsa da sauri, ya ɗago kwalbar tana ɗigar ruwa, ya manna a kumatu, ya nuna wa wayar. "Ka gani? Har haƙori yake riƙewa."

Na ga autan ya buɗe baki, ya rufe. Sai ya yi wata 'yar dariya, ya ce, "To Baba, ka ci gaba da duba mini ruwan."

Da wannan maganar ya ɗaure mu duka. Daga ranar Baba ya samu aiki. Kowace Lahadi, bayan an tashi sujada, mu ci abinci, mu hau keke napep daga Nasarawa Gwom mu ratsa gari har bayan Rayfield, mu wuce dogayen katangu da manyan itatuwa, mu sauka inda kwalta ta ƙare. Ya jawo kwalba, ya manna a kumatu, a kira autan, a ba shi rahoto. Ya share gaɓar tafkin, ya kafa turaku inda wai za a ɗaure kejin. Ya gaya wa dattawan coci ɗansa yana hanya da sabuwar sana'a. Ba a jima ba aka fara kiransa Baban Ƙaguwa a bayan idonsa. Wata mata a zumuntar mata ta tambaye ni, tana danne dariya, ko za a ba ta sari in kaya sun iso. Abin da na gaya mata sai da matar fasto ta shiga tsakani.

Na yi ƙoƙarin in gaya masa gaskiya, ba sau ɗaya ba. Wata rana na karɓo guntun ƙanƙara a wurin mai kifi, na sa a kwano da ruwa, na bari ya narke rabi, na kama hannunsa na tsoma.

"Baba, irin wannan sanyin suke so. Wannan. Ruwan tafkinka bai kai ko kusa ba."

Ya bar hannun a ciki ya fi yadda ni zan iya, don taurin kai. Da ya cire ya goge a rigarsa, ya ce, "Iyakar inda igiyata ta kai kika sani. Ni na yi aiki a ramin nan, na san zurfinsa. Can tsakiya akwai inda rana ba ta taɓa leƙawa ba."

Na je wurin fasto, ya ce in bar tsoho da abin da ke tashinsa da safe. Na kira ƙannena mata, kowace ta ce ni ce babba, ni ce a kusa. Na kira autan na zazzage shi, na ce shi ya ɗaura, shi zai kwance. Ya ce Lahadi mai zuwa. Lahadin ta zo, ya ga fuskar Baba, ya tambayi ruwa. Daga baya ma aka ɗan buɗe kamun, kaɗan, aka kira tsofaffin ma'aikata na ɗan lokaci. Ya gaya mini da murna, ni kuwa na ji kamar an ƙara wa ƙofa sakata, don yanzu ya samu sabon dalilin jira.

Ana cikin haka ƙafafun Baba suka fara kumbura. Takalmin coci ya daina shiga, ya koma silifa. In ya yi 'yar tafiya sai ya tsaya yana haki. Likita ya ce zuciyar ta gaji, ya rubuta magani, ya hana noma, ya hana gishiri. Na tambaye shi a waje, ba a gaban Baba ba, ko akwai lokaci. Ya ce in akwai wanda ake so ya zo, a gaya masa ya zo. Na gaya wa autan a ranar. Ya yi kuka sosai, ya ce zai sake zuwa wurin lauyansa. Lauyan ya faɗi abin da ya saba faɗa.

Lambun ya koma hannun wani maƙwabcin gona, amma zuwa tafki ranar Lahadi bai tsaya ba. In na ce a huta yau, sai Baba ya sa hularsa ya zauna a bakin ƙofa har in gaji in tare keke.

Bazarar da ta biyo baya ta yi zafin da ban taɓa ji ba a garin nan. Mu da muka tashi ba mu san fanka ba, muka wayi gari ana tallarta a kan titi, mutane suna kwana taga a buɗe. Mai kifi ya ce injinsa ba ya hutawa, ƙanƙara tana narkewa kafin ta isa hannun mai saye. Tafkin kuwa na daɗe ina ganin yana ja da baya. Injunan ban ruwa sun kewaye shi, kowanne da mesarsa a ciki, ga tankokin da ke zuwa su ɗiba su kai wa masu gini. Jan ƙasa ya fito a gefe, zobe a kan zobe, turakun da Baba ya kafa a bakin ruwa suka koma tsaye a tudu.

Wata Lahadi a cikin wannan zafin muka isa, na shimfiɗa masa buhu a inuwa ya zauna. Ya daina iya jan igiyar, ni nake ja. A da in ka kama ta za ka ji nauyin dutsen yana rataye, don ba ta kai ƙasa ba. Ranar na ji ta saki, na yi ta naɗowa ba nauyi, sannan ta ɗago da ƙyar. Kwalbar ta fito da laka a jikinta. Na ɗauraye ta na miƙa masa.

Ya manna a kumatun dama. Ya jima. Ya mayar na hagu. Ya sa a wuya, ƙarƙashin haɓa, ya lumshe ido kamar yadda ya saba, amma fuskar ba ta saki ba. Ya buɗe ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Sannan ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Na taɓa. Kamar ruwan da ya yini a bokiti a tsakar gida.

Injin wani mai lambu yana ta ƙara a ɗaya gefen. Na yi shekaru ina neman ranar da Baba zai gane tafkin nan ba zai riƙe ƙaguwar kowa ba. Ga ranar ta zo, kuma da ina da iko da na mayar da ita.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Kada ki faɗa masa. In ya ji namu ma ya yi zafi, ba zai zo ba."

Sai wayar ta fara ruri a jakata. Na ɗauka, na riƙe ta a gaban Baba da hannu biyu. Autan yana tsaye a waje cikin ƙatuwar rigar sanyi, numfashinsa yana fita kamar hayaƙi, a bayansa jirage a ɗaure da kejin ƙarfe an jera su a tudu, ba kowa a kusa. Ya gaishe da Baba, ya tambayi ƙafa, ya tambayi magani. Sannan ya yi tambayar da ya saba.

"Baba, ya ruwan?"

Baba ya karɓi kwalbar daga cinyata, ya manna a kumatu, ya ɗan ja iska ta haƙora kamar wanda sanyi ya sara.

"Yana nan yadda ka san shi. Kai dai ka yi sauri."

"Ina nan tafe, Baba."

Daga nan duk su biyun suka dube ni, ɗaya daga cikin wayar, ɗaya daga kan buhu, kowanne yana roƙona da ido in riƙe masa tasa. Na riƙe. Na ce layin ba shi da kyau, mu yi sallama.

Da muka tashi tafiya na cika kwalbar da ruwan da muka zo da shi, na toshe, zan saukar inda muka saba. Baba ya ce in dakata. Ya sa na nemo dutsen da ya fi na da nauyi, na ɗaura, ya duba ƙullin da kansa. Ya nuna tsakiyar tafkin da sandarsa.

"Jefa ta can, Uwata. Iya ƙarfinki."

Na ja baya, na jefa iya ƙarfina. Ba ta yi nisa ba.